Farin Zobe a Gindin Ƙwanso

Unguwar Nima, bayan babbar gota,
3 ga Yuli

Zuwa ga Uwata Ruhaina, mai gadin giwaye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki da namun dajin da aka ba ki kiwo. In kin tambayi ɗanki, alhamdu lillahi. Gwiwar hagu tana bakin aiki, ta dama ta yi ritaya ba ta gaya mini ba. Kunne kuwa kin san soja ya cinye shi tun kina goye. Shekaranjiya yayarki Saratu ta kara mini waya, na ɗauka ke ce kika hau tudu kika samu layi, na yi ta cewa "amin, amin, Allah ya yi miki albarka." Ashe mai gyaran famfo ne. Saboda haka mu ci gaba da takarda. Aji huɗu na yi a boko, amma aji huɗun nan ba su taɓa katse mini magana a tsakiya ba.

Razak direba ya kawo saƙonki ranar Talata a kan buhunan doya. Na ga man kaɗen da ƙawarki Lamisi ta aiko wa gwiwata. Ki ce mata Kofur Imurana ya gode, gwiwar ma ta gode, maƙwabta kuma sun gode don na rage nishi. 'Yarta Rahma, wadda ban taɓa gani ba amma na riga na ɗauke ta jika, usur ɗin da na yi mata yana cikin wannan ƙunshi. Ta ɗora leɓe a bakinsa ta hura. In sansaninku ya rasa barcin rana, ba ni ba ne.

Na kuma ga ƙwanson harsashi bakwai da kika tsinto mini daga harbin gwajinku, biyu na Lamisi a tsumma ɗaya, biyar naki a wani. Na zauna bakin ƙofa zan yi wa matan unguwa tandun kwalli da su kamar yadda na saba. Amma kin san halina, ba na taɓa ƙwanso da zarto sai na gaishe shi tukuna. Ƙwanso kamar ɗan aike ne, in ya dawo jikinsa zai gaya maka inda ya biya.

Na Lamisi lafiyayyu ne. Ɗan baƙin hayaƙi a wuya, wannan ba komai ba ne. Ƙwarzane dogo daga kafaɗa zuwa ƙugu, wato akwai yashi a ɗakin bindigarta, ki ce ta bar ƙyuya ta goge. Ɗaya bakinsa ya lotse, a kan dutse ya faɗi. Duk ciwon ƙuruciya ne. Da ɗayan na yi usur.

Naki biyar kuwa, Uwata, sun sa kokona ya huce. Kowanne yana da farin zobe siriri a gindi, kamar faɗin ɗan yatsa daga ƙasa. Cibiyar nan da allurar bindiga ke sara ta turo waje, in na shafa sai farcena ya yi tuntuɓe. Na ce ko yanar idona ce ke mini ado. Sai na lanƙwasa bakin siririyar wayar ƙarfe, na zura ciki, ina jan ta a hankali a jikin bango. Daidai wurin zoben ta faɗa rami. Duk biyar ɗin.

Ga fassara. Bindigarki mai sakata ce, ta girme ki, ni ma da kaɗan na tsere mata. Sakatar ta cinye, ba ta ƙara matse harsashi har ƙurya, akwai ɗan fili a bayansa. In kin taɓa kunama, gaban ƙwanson ya kumbura ya kama bango, gindin kuma ya ja baya ya cike filin. Kamar ƙaton da ya sauka daga trotro, motar hayarmu, a tashar Circle aka rufe ƙofa da rigarsa: shi ya yi gaba, riga ta ce ba ta zuwa. Yau rigar miƙewa take yi. Wata rana za ta yage. Ranar nan hayaƙi na iya wanke miki ido, kuma in kin ja sakata gindin kaɗai zai fito, sauran ya maƙale a ciki, harsashi na biyu ya rasa ƙofar shiga. Daga nan abin da ke hannunki sanda ce mai lamba.

Bindigar da ta fara sa wa harsashi zobe aure take nema, ni kuwa ban shirya karɓar suruki daga lahira ba. Ki kai ta wurin mai kula da makamanku, ki ce ya auna sakatar da ma'auni, ba da ido ba.

Saratu na gaishe ki. Wakenta da shinkafa na nan na tara rabin unguwar Mamobi a bakin titi, ni uban mai kaya sai ƙanzo.

Ni ne ubanki kuma ɗanki,
Kofur Imurana mai ritaya, wanda bai taɓa harbin ko kaza ba.

*

Sansanin gandun daji,
19 ga Yuli

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, da Yaya Saratu da mutanen gida. Ina lafiya. Damina ta kankama, ciyawa ta fi ni tsawo.

Takardarka ta zo ranar Juma'a. Ka san al'adar da muka ɗauka a nan: duk ranar da ta iso, bayan la'asar kowa ya jawo benci in karanta. Ba mu da talabijin, kai ne talabijin ɗinmu. Ban duba ta ni kaɗai tukuna ba, kuskurena ke nan. Da na kai wurin ƙaton trotro, Lamisi ta yi dariya har shaƙuwa ta kama ta. Da na kai suruki daga lahira, Gafaru, abokin sintirinmu, ya faɗo daga benci.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Oga Zulkarnaini mai riƙe da makullin makamai. Washegari ya kira ni gaban kowa, ya zare sakata, ya ɗaga bindigar ya leƙa rana ta cikin bututunta. Ya ce, "Ga ta kamar madubi. Ni na yi kwas na wata shida, da takardar shaida. Babanki me ya yi?"

Na ce ka yi shekara ashirin da biyu a ma'ajiyar makaman soja.

Ya ce, "Yana me?"

Sai ya ba kansa amsa.

Ya ce, "Wanda ya ƙare rayuwarsa yana goge tagulla, dole ya riƙa ganin zobe."

Na tambayi ma'auni. Ya ce babu shi a nan sai hedikwata, kuma ba zai rubuta musu takarda a kan barkwancin tsoho ba.

Yanzu kowa "amarya" yake kiran bindigata. In na ɗauko ta sai wani ya rangaɗa guɗa. Mu biyu ne kaɗai mata a nan, ni da Lamisi, kullum ana laluben inda za mu nuna tsoro. Don Allah Baba, in wasa ne ka bar shi haka. Ni kaina ban san inda wasanka yake tsayawa ba. Kai ne ka ce mana ka taɓa gyara igwa da cokali, muka yi ta faɗa a makaranta.

Rahma ta karɓi usur. Ta rataye shi a wuya da zare, ko wanka ba ta cirewa. Lamisi ta ce in gaya maka ta goge yashin, kuma kai ne maƙyuyaci.

'Yarka,
Ruhaina

Wayar nan, yaya ake lanƙwasa ta?

*

Nima,
2 ga Agusta

Uwata,

Ina gaishe ki, ina yi miki fatan alheri. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Wannan kada ki karanta ta a benci.

Na karanta takardarki sau uku. Karon farko na yi dariya, don da ina wurin da na riga Gafaru faɗuwa. Karo na biyu ban yi ba. Na uku Saratu ta ƙwace ta ta ce tuwo na sanyi.

Da Oga ya ce "yana me," da kin ba shi amsa: yana gogewa. Gaskiya ce, ba abin kunya ba ne. Masu takarda su ke sa hannu. Ni ke tsugune bayan masu harbi da bokiti, ina tsince ƙwanso tun yana ƙona yatsa. Wanda ya tsinci abu ɗaya shekara ashirin da biyu, yatsunsa sun yi karatun da kansa bai yi ba. Leƙa bututu ba ya nuna wannan ciwon. Kamar ka je asibiti da ciwon baya ne, likita ya ce buɗe baki, ya yaba haƙoranka, ya sallame ka.

Kin ga, na sake. Na zauna da niyyar ba zan yi ba.

To bari in yi tuba. Igwa da cokali ƙarya ce. Kadan da ya haɗiye hulata a Labanon ƙarya ne, babu ma kada a can. Wannan ba ƙarya ba ce. Ban san yadda ake rubuta magana ta fito ba dariya ba, ba a koya mana a aji huɗu ba, daga baya kuma ban nema ba. Ranar da muka binne mahaifiyarku ma sai da na sa liman ya juya kai yana murmushi, har yau Saratu ba ta yafe mini ba. Ni idan tsoro ya kama ni, ta nan yake fita.

Na ja gwiwata har Abossey Okai wurin Awal mai walda, ya ara mini ƙaramin zarto. Ya ce, "Kofur, yaƙi za ka koma?" Na ce yaƙin ne ya biyo ni gida. Na tsaga ɗaya daga cikin naki a tsaye, ga rabinsa nan a naɗe cikin takardar. Ki duba bangon da idonki. Kauri, kauri, sai daidai zoben ya koma kamar ɓawon albasa. Abin da ke tsakanin fuskarki da wuta ke nan.

Ga wayar kuma, na lanƙwasa miki da kaina. Ki sami ƙwanson da ya fito daga bindigarki, ki zura ta har ƙasa, bakin yana kallon bango, ki jawo a hankali kamar mai tsefe kan jariri. In lafiya ne za ta zame sumul. In ta tsaya ta ɗan ciji, kin ji abin da na ji. Ba sai kin yarda da ni ba, ki yarda da hannunki.

In sun ƙi ji, kada ki yi gardama, ba a gardama da mai makulli. Ki mayar da ita inda ake jera su, ki ɗauki wata. Ba a rasa mai hutu ko mai zazzaɓi a sansani. Ni 'ya ɗaya gare ni da ke tsayawa gaban ɓauna. Sunan uwata na sa miki, na riga na binne ta sau ɗaya.

Ki ajiye ta, Uwata. Ɗanki ne ke roƙo.

Imurana

*

Nima,
5 ga Agusta

Uwata,

Gaisuwa a taƙaice. Muna lafiya.

Ina alwalar azahar jiya abin ya faɗo mini, na bar buta a nan. Na ce ki mayar da ita cikin jeri. Ni na rubuta haka!

Abu na farko da Saje ya koya mini ranar da na shiga ma'ajiya, kafin ma ya nuna mini bokiti: bindiga mai ciwo ba ta komawa jeri. A zare sakatarta, a ɗaura mata jan ƙyalle, sakatar ta kwana a aljihun wanda ya gano ciwon. Domin jeri ba shi da baki, duk hannun da ya zo ɗauka zai yi. Shekara ashirin da biyu ban taɓa mantawa ba, sai da na zo rubuta wa tawa 'yar.

Ki zare sakatar. Ki ɓoye ta cikin kayanki. In za su hukunta ki, su hukunta.

Razak ya tashi da waccan takardar tun shekaranjiya. Na je tasha, an ce motar doya ta gaba sai ya dawo, kwana tara. Saratu ta tura miki saƙo ta waya, ta ce alama ɗaya ce ta fito, wai ma'anarta bai shiga ba. Ki hau tudun nan naku, don Allah.

Imurana

*

Nima,
24 ga Agusta

Uwata Ruhaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Mu nan ruwa ake yi, gota ta cika ta kawo mana takalman mutanen Mamobi har ƙofar gida, duk na ƙafar hagu. Gwiwa tana nan. Man Lamisi na aiki.

Razak ya dawo jiya. Na tare shi tun bai kashe mota ba. Ya ce, "Kofur, ruwa ya yi yawa paa. Kogi ya haye gada, ko babur ba ya wucewa." Ya ce takardar da ke da waya a ciki ta haye tun tafiyar farko. Ta biyun, wadda ta fi, tana wannan gefen, a kantin wata mata Fatu, cikin gwangwanin madara don kada ta jiƙe. Wato wautata ta samu gada, hankalina ya tsaya a bakin kogi. Haka na saba tun ina yaro.

Kowace safiya kafin Saratu ta fita da tukunya sai ta nuna mini waya. Alama ɗaya. Na koyi karatun waya da tsufana, harafi guda tak, kuma ban so shi ba.

Na daina yin tandu. Matan unguwa sun zo sun koma, na ce tagulla ta yi yaji. Huɗun da suka rage na jera su a taga, ina kallonsu suna kallona.

Saratu ta ce fushi kike yi, don na kunyata ki gaban Oga. In haka ne, madalla. Ki yi fushin da kyau, ki cika shafi biyu, ki kira ni mai goge-goge. Amma ki rubuto shi. Ban taɓa roƙon Allah ya sa 'yata tana fushi da ni ba sai wannan watan.

Ki gaishe mini da Lamisi da mai usur.

Ɗanki,
Imurana

*

Sansanin gandun daji,
7 ga Satumba

Baba,

Ina lafiya. Na fara da wannan don na san shi za ka fara nema. Babu ko ƙwarzane a jikina.

Lamisi ta rasu ranar sha bakwai ga Agusta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zan faɗa maka yadda aka yi, a jere, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Ranar da wayarka ta zo na zaga bayan ɗaki na gwada. Ta ciji, kamar yadda ka ce. Ban koma wurin Oga ba. Ban gaya wa kowa ba, har Lamisi, don na gaji da guɗa. Gafaru yana hutu, na ɗauki tasa, na mayar da tawa ƙarshen jeri. Aka tura ni sintirin kwana uku.

Ina can Gafaru ya dawo. Da hantsi manoma suka zo a guje, wata ɓauna da tarkon mafarauta ya ji wa ciwo a ƙafa ta shiga gonar masara tana bin mutane. Gafaru bai ga tasa ba, ya suri ta Lamisi. Lamisi tana yi wa Rahma kitso, ita ta zo ƙarshe. Gafaru ya ce da ta ga abin da ya rage a jeri sai ta yi dariya ta ce, "To, yau ni ce ƙawar amarya."

Ta harba ɗaya, ta sami ɓaunar a kafaɗa, ba ta faɗi ba. Gafaru yana can gefe, masara ta tare masa gani. Ya ce ya ji ƙarar sakata, ya sake ji, ya sake ji. Bai ji harbi na biyu ba.

Takardunka biyu na ƙarshe da saƙon Yaya Saratu sun same ni rana ɗaya, bayan ruwa ya janye, kwana goma sha ɗaya da jana'iza.

Oga ya rubuta rahoto cewa tsoro ya kama ta, ta kasa sa harsashi na biyu. Haka aka karanta wa mahaifiyarta. Tsohuwar ta ce, "Lamisin tawa?" A benci kuma an fara cewa da ma aikin nan ba na mata ba ne.

Na ga Oga ya fito da wani abu daga cikin bindigar da burushi, ya jefa bayan ma'ajiya, ya shafa mata mai ya mayar da ita jeri. Na tsince abin. Gindinsa kuma na tono shi daga laka a gonar. Ga su nan biyu a tsumma. A wurin na tsinci harsashi uku da ba a harba ba, kafaɗunsu duk sun lotse. Waɗannan ba a aika su a mota, na ɗora takarda a kansu na goga fensir, ga zanen.

Sakatar tana ƙarƙashin katifata tun ranar da takardarka ta zo. Oga bai lura ba tukuna.

Masu bincike za su zo ƙarshen wata. In na nuna musu wannan, sai na faɗi abin da ya sa bindigata ta kwana a jeri ni ina daji da ta wani. Wataƙila aikin ya ƙare ke nan. Ba shi ke hana ni barci ba.

Ka karanta mini ƙwanson nan, Baba. Ka rubuta yadda ba za su yi dariya ba.

Rahma tana wurina kafin kakarta ta shirya. Rabin kanta ne a kitse, ta hana kowa ƙarasawa.

Ruhaina

*

Nima,
15 ga Satumba

Ruhaina,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Lamisi, ya haskaka makwancinta, ya raya abin da ta bari. Na gode wa Allah da ya bar mini ke, kuma na ji kunyar godiyar tun ba ta gama fita bakina ba. Muna lafiya.

Ga abin da ƙwanso ya ce. Wannan sashen na masu bincike ne.

Ni Imurana, kofur mai ritaya, mai goge makamai da tsintar ƙwanso shekara ashirin da biyu. An kawo mini ƙwanso guda a gida biyu. Ya rabu daidai inda farin zobe yake a jikin 'yan'uwansa huɗu da ke hannuna tun watan Yuli, daga bindiga ɗaya. Bakin rabuwar ba yankan zarto ba ne, ba saran dutse ba ne, sirancewa ya yi ya tsinke. Cibiyarsa ta turo waje kamar tasu. Sakatar bindigar ta cinye. Duk wanda ya sa mata ma'auni zai gani kafin shayinsa ya huce. Da gindin ya fito, sauran ya toshe ɗakin, babu hannun da zai iya sa wani harsashi a wurin, na mace ko na namiji.

An kawo mini zanen harsashi uku da ba a harba ba. Kowanne kafaɗarsa ta lotse a zagaye, daidai faɗin bakin wanda ya maƙale. Wannan tabon ba ya samuwa da faɗuwa ƙasa. Sai an tura harsashi da dukan ƙarfi a kan abin da ya toshe hanya. Uku ne. Wato ta tura na farko ya ƙi, ta fitar, ta tura na biyu, ta fitar, ta tura na uku, ɓauna tana tahowa. Mai tsoro gudu yake yi, ko ya sandare. Ba ya lotsa tagulla sau uku. Matar nan tana tsaye a bakin aikinta har ƙarshe.

Ku kuma rubuta cewa wanda ya ce a mayar da bindigar cikin jeri da sakatarta ni ne. Takardata ta biyu ga Agusta tana hannun 'yata. Na san ƙa'ida, na manta da ita, don 'ya ɗaya kawai na gani a sansanin.

Sashensu ya ƙare.

Ke kuma, ki faɗa musu naki yadda kika faɗa mini, a jere. Naki shiru ne. Ki ɗauka, kada ki ƙara da nawa, ba za ki iya biyu ba. In aikin ya ƙare, ɗakin mahaifiyarku na nan.

Razak zai tashi ranar Alhamis, zan biyo shi. Saratu ta ce gwiwar ba za ta kai ba. Man Lamisi saura rabin gwangwani. Tun da takardarki ta zo na kasa shafawa, amma ranar Alhamis zan shafa, shi zai kai ni. Zan zo da ƙwanso huɗun nan da wata waya. Saratu ta yaga jan zanenta gida takwas ba tare da na roƙa ba. Zan bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya, ko Oga ya so ko bai so ba. Amma kafin ma'ajiya, ki kai ni wurin mahaifiyar Lamisi. Akwai maganar harsashi uku da ya kamata ta ji daga bakin wanda ya karanta su, da wata maganar da ya kamata ta ji daga bakin wanda ya yi ta. Kan Rahma kuma ki bar mata shi har ta ce da kanta.

Wannan takardar ki karanta ta a benci. Ki tara kowa bayan la'asar, har Oga. Na duba ta sau biyu daga sama har ƙasa, Uwata, babu abin dariya ko ɗaya a ciki.

Ashe na iya. Da ma tun watan Yuli na iya.

Ubanki,
Imurana